Tudun da Suke Kira Dutse

A Epe, can bayan Ikko, inda kwalta ke gajiya,
akwai wani tudu da allon ƙofa ya kira shi dutse.
Ni ɗan Gembu ne.
Na yi kiwo inda gajimare ke kwana ƙasa da ƙafar mutum.
Ran da na fara ganinsa sai na haɗiye dariya,
kada a fasa ba ni aiki.

Aikina ɗaure mutane.
Ɗamara a ƙugu, ƙugiya a waya, hular kwano a ka,
sannan in ce: kada ka dubi ƙasa.
Kowa sai ya duba.
Na ga attajiri mai direba biyu
yana kiran uwarsa a tsakiyar gadar igiya,
jikarsa 'yar shekara bakwai tana can gaba
tana girgiza masa gadar da gangan.

Birai sun riga mu zuwa nan, kuma sun sani.
Babbansu mai yagaggen kunne, Ciyaman muke ce masa.
Ya wuce satar ayaba.
Waya yake fizgewa, ya haye reshe ya harɗe,
ba ta saukowa sai an biya fansa da gyaɗa.
Iya Morenike mai suyar kifi ta rantse
ɗan kamasho ne da ya baro tasha.

Gangare kuwa ruwa ne, shimfiɗe har inda ido ya ƙare.
Baba Sewanu na tura kwalekwale da gora,
yana nuna wa baƙi wani gungume,
sai gungumen ya buɗe ido.
Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya a bakin gaɓa
kamar mu ranar talatin ga wata.

Asabar ta hayaniya ce.
'Yan makaranta cikin riguna masu ruwan ɗorawa,
ango da amarya suna neman inda rana ta fi kyau a hoto,
masu fararen kaya da suka hau tun asuba da ƙararrawa.
Mu kuma, ni da Jatau mai gadi,
mukan shimfiɗa kwali bayan ɗakin janareto,
injin na ruri, muna tahiya.

Litinin ba baƙo.
Dawisu na yawo a filin ajiye motoci kamar shi ya saya.
Mukan zauna gindin mangwaro a zuba adashi,
harshe huɗu, kwano ɗaya.
Sun koya mini teba da miyar da ke sa hanci zuba,
na koya musu shayi mai citta
da yadda ake jan gaisuwa har ta kai ga kaji.

A irin wannan Litinin ce Chidubem mai gyaran wuta ya ce,
shekara uku kana ɗaure mutane,
wa ya taɓa ganin ka bisa gadar?
Aka yi shiru. Har Ciyaman ya daina susa.
Suka ɗaure ni da hannuwansu,
Iya Morenike ta ja ɗamarar kamar mai ɗaure buhu,
Jatau ya ce, kada ka dubi ƙasa.

Na duba.

Kan itatuwa na tafasa kamar miyar kuka,
shirwa na shawagi ƙarƙashin takalmina,
gwiwoyina suka zama na wani.
Dutsenmu na gida ba ya motsi in ka taka shi.
Abin da na kira a tsakiyar gadar nan
yana tsakanina da igiya,
ko da yake an ce har bakin ruwa an ji.

Da dare Uwani ta kira daga Gembu.
Baba, dutsen naku ya kai namu?
Na ce bai kai ba, 'yata, ko ƙugunsa.
Ta ce to me ya sa muryarka ta dushe?
Na ce iskar ruwa ce.
Ban gaya mata hulata na can bisa reshe ba,
kuma gyaɗa ta yi tsada bana.