Albarka, In Ji Mai Kaya

Ubana Nomau da ƙararrawa ya ciyar da mu.
Ran kasuwar Jega yakan hau turmi a kife,
ya ɗaga buta, ya ɗaga sirdin keke,
yana "Wa ya taya? Wa zai ƙara?"
har la'asar ta ƙwace masa murya.

Da na tasa sai na rataye ƙararrawar a ƙusa,
na mai da gwanjon cikin waya.
Bayan isha'i nake buɗe zaure,
mutum ɗari uku, ba tabarma, ba fitila,
kowa kwance a ɗakinsa yana leƙe.
In sa hoto, in ce bisimilla.

Akwai daren da ba na mantawa.
Injin ban-ruwa ne, tsoho, an ɗaure bakinsa da roba.
Arzika mai albasa daga Aliero ya ce dubu arba'in.
Wata malama a Zuru, Tumba, ta ce da biyar.
Ya ƙara, ta ƙara,
'yan kallo suna zuga kamar a filin kokawa.
Sabis ya ɗauke, na hau katanga,
waya a sama, sai ka ce mai duban wata.
Ƙarfe ɗayan dare Arzika ya rubuto:
"Bar mata, wagga mata ta fi ni son ruwa."
Da rani ta aika masa kwandon tumatir,
shi kuma ya mayar da buhun albasa.
Har yau ba su taɓa ganin juna ba.

Ban ce ba mu da laifi ba.
Akwai mai tayi da dare, ya kashe waya da safe.
Akwai ƙanena Gado mai layi biyu,
yana tura farashi sama da sunan baƙo,
ni kuma ina kau da kai.
Sannan wa ke da daren ɓatarwa yanzu,
da kuɗin da ka taya da isha'i
kan rame kafin asuba?

Zaure ya fara yoyo.
Ɗari biyu. Sittin.
Wata rana na sa hoton fanka,
na kwana ina jira, ni da sauro.

Kulu 'yar wana ce ta karɓi wayar.
"Baba, rubuta kuɗi a ƙasan hoto.
Ka sa: ba ragi. Mai so ya tura."
Abin da nake sayarwa a mako
tana gamawa kafin shayi ya huce.
Waya ta yi ƙara, kuɗi sun shigo,
ɗan kabu-kabu ya ɗaure kaya, ya wuce.
Ba na musu da ita.
Ni ma ranar da zazzaɓi ya kwantar da autana
ban so mai magani ya ce in taya ba.

Kalma ɗaya ce ke ci mini rai.
A sana'armu in tayi ya yi ƙasa
ba a cewa a'a.
Albarka ake cewa.
A ƙi kuɗinka, a bi ka da addu'a,
ka yi taku uku, a kira ka, ku yi dariya.
Lambar da aka rubuta ba ta san wannan ba,
ba ta gaisuwa, ba ta tambayar mutan gida.

Makon jiya na sauko da ƙararrawar,
na goge ta da toka da lemun tsami.
Dubu takwas, ba ragi.
Ban ajiye wayar ba aka saye,
wata makaranta a Kamba, in ji Kulu.

Ina naɗe ta a tsohuwar jarida
harshenta ya buga sau ɗaya.
Na ji bakina ya ce, "Albarka."
Kulu ta ɗago kai daga waya:
"Baba, ai an riga an biya."