Mudu Biyu

Ran Talata suka zo, rana na tsakar ka,
samari biyu da riga mai tambari,
ɗaya da tef, ɗaya da biro a haƙori.
Ba su yi sallama ba.
A bakin kwata suka ja suka tsaya
suna ƙare wa gidana kallo,
kamar mai taya sa daga nesa, bai shafa tozo ba.

Fuskar gidan ta yi kyau, ban musa ba.
Bara da damina ta ci gindin katanga
na sai da keken ɗinkin marigayiya Kubura,
aka yaɓa siminti buhu shida.
Tasi'u ya kawo ragowar fenti daga wurin aikinsu,
shuɗi shar, irin na banki.
Ashe wuyana na wanke, igiya ta ji daɗin zama.

Da sun shigo, da sun ga azarar da gara ta ci
na tokare ta da reshen darbejiya.
Da sun ga robobi huɗu da muke jerawa tsakar ɗaki
in hadari ya haɗo daga gabas.
Tagar zaure suka gani,
inda jikata Rumasa'u ke sai da ƙanƙara da alawar madara,
suka rubuta shago.
Suka ɗaga kai, ga akurkin tattabaru bisa soro,
suka rubuta bene.

Takarda ta iso bayan sati uku:
dubu ɗari da tamanin.
Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune.
Fanshona na wata biyar ke nan,
in ya zo.

Tsallaken titi ga ginin Alhaji Lawandi,
hawa uku, shaguna goma sha biyu,
tankin ruwa biyu, janareta na gurnani har asuba.
Can sun yi sallama.
Sun jima a ciki, sun fito suna sakace.
A takardar hukuma, in ji ɗan aikensa,
sunan wannan gini kango.

Na hau adaidaita daga Gwammaja zuwa ofis,
na bi layi tun hantsi har aka kira azahar.
Wanda ke bayan tebur ya ɗago,
sai ga Bashari ɗan gidan mai itace,
wanda na riƙe wa hannu a aji uku
na koya masa tsawo sau faɗi.
Ya miƙe, ya rusuna, ya ba ni kujerarsa,
ya ce, Malam, kwamfuta ce.
Na ce, wa ya ba ta labarin tattabaruna?
Ya dubi fanka.
Ya ce in rubuto koke, kwafi uku,
amma a fara biya kafin a duba.

Yanzu jeka lungunmu ka gani.
Malam Ɗan'azumi ya sayi bulo, ya ɓoye a bayi.
Gwaggo Asabe ta hana a gyara mata indararo.
Kowa na barin katangarsa ta zube a hankali,
don tsagewar bango ta fi takarda sauƙi.
Unguwa guda tana koyon tsufa da gangan.

Ba na ƙin haraji.
Ubana ya biya a gidan nan, ga rasit a cikin adaka,
sun yi ja kamar ganyen goro.
Abin da na sani, ko a Dawanau
mai mudu biyu ba ya kwana da mutunci.

Jiya na kai tattabarun kasuwa, saura biyu da suka ƙi kamuwa.
Rumasa'u ta rufe taga da kwali.
Da daddare na ɗauko tsohuwar rular katako,
na auna zaure, na auna ɗakin Kubura,
na haɗa, na buga, na raba,
kamar yadda na koya wa yaran mutane shekara talatin.
Amsar na nan a bayan takardarsu, da jan biro.
Ban san wa zan miƙa wa ya duba ba.