Kan Sarki Na Taro

Duk Talata, kafin ladan ya kira azahar,
sai in ji kekensa a ƙofar gidan waya,
sarƙa tana kukan rashin mai.
Ekanem. Gyaran agogo yake yi a Ƙofar Ƙaura,
amma agogon na neman tuwo ne kawai.
Ya ce aiko shi aka yi.
Na ce, wa ya aiko ka Katsina?
Ya nuna sama, ya nuna kudu, ya yi dariya.

'Yan Momon ake ce musu, in ji shi.
A garin nan su huɗu ne, har da na goye.
Sauran suna can inda ruwa ba ya ɗaukewa:
mutum goma sha biyu a wani ƙauye,
bakwai a rumfar kwano bayan wata kasuwa,
sai wata tsohuwa, Nkoyo,
ita kaɗai ce taron garinsu.

Ambulan uku, kan sarki na taro-taro.
Yakan lasa ya manna, ya danna da babban yatsa
kamar mai shafa kan yaro.
Ni kuma in buga hatimi, dum,
in jefa a buhun da zai bi motar Kano.

Me kake rubuta musu haka, ba ka gajiya?
Ya ce, Malam Halliru, ba wani abu ba ne.
Wa ya haihu, wa ke tari,
an gyara rufin nan da ke yoyo?
Kada su daina haɗuwa ko da su biyu ne.
Itace ɗaya ba ya riƙe wuta.

Ban taɓa shiga ɗakinsa ba ranar Lahadi,
bai taɓa taka tabarmar sallata ba.
Ni na ba shi goro, ya ce yana da ɗaci.
Shi ya gyara agogon mahaifina,
ya ƙi karɓar ko sisi.

Sai shekarar da hanya ta lalace.
Wasiƙu suka soma dawowa,
an ja layi a kan suna da jan biro.
Ya juya su, ya duba baya, ya sa a aljihu.
Talata ta zagayo, ga shi da uku kuma.
Na ce, ai ba sa isa.
Ya ce, buga dai.

Wata asuba ya ƙwanƙwasa mini ƙyaure.
Mata, akwati, goyo, mota na jira a tasha.
Ya damƙa mini sule biyu da makullin akwatin waya.
Bai ce in yi komai da su ba.
Ni ma ban tambaya ba, bakina ya yi nauyi.

Bayan damina biyu wasiƙa ta zo,
ambulan ya sha hannu har ya yi laushi.
Rubutun tsohuwa, yana rawa.
Kwana tara tana cikin aljihuna
kafin na yi istigfari na buɗe.
Ta ce yanzu su uku ne.
Ta ce me ya sa ya yi shiru.

Na zauna bayan an tashi aiki,
na ɗauko takarda, na rasa ta ina zan kama.
Ban san addu'arsu ba, ba kuma zan ara ba.
Na rubuta: Mutuminku ya bar Katsina da ƙafarsa,
na gan shi, lafiya lau ya hau mota.
Yakan ambace ki.
Ya ce kada ku daina haɗuwa.

Na cire taro daga sule biyunsa.
Na lasa, na manna, na danna da babban yatsa.
Dum.

Canjin yana nan a gwangwanin madara,
kuɗin da tuni aka daina karɓa.
Agogon mahaifina kuwa bai tsaya ba,
sai dai yana gaba da minti huɗu.
Na bar shi haka.