Gero Tiya Uku

Ranar da aka fasa sitonka, Ɗayyabu,
ba na cikin masu guduma.
Ina shagona a Ƙofar Marusa
ina ɗinke wuyan rigar wani
sai ihu ya gangaro kamar rafi ya ci gaɓa.

Da la'asar Sagiru ya yi sallama
da gero tiya uku a buhun siminti.
Ya ce, "Karɓi, Baba, rabonka ne,
yau an daidaita gari.
Shi yana da ɗari, kai ko ɗaya babu."
Na karɓa.
Kada in yi maka ƙarya, na karɓa,
har na ce Allah ya yi albarka.

Indo ta surfa, ta wanke, ta kai niƙa.
Tuwo ya tuƙu, miyar kuka ta ji daddawa,
yara suka suɗe kwano har da gefensa.
Ni lomar farko ta tsaya mini a wuya
kamar ƙwallon goruba.

Don na san geron nan.
Na san shi tun kana tura baro a 'Yar Kutungu,
takalmi ɗaya shekara huɗu,
kana karya kumallo da ruwa da guntun ƙuli
mu muna kan bencin mai shayi
muna ce maka maƙo.
Duk ƙwaya ɗaya a tukunyata
wani shayi ne da ba ka sha ba.

Ban ce kai waliyyi ba ne.
Bara ka hana ni bashin tiya ɗaya
alhali rumbu na nishi.
Ka ɓoye hatsi kana jiran tsada, gari ya sani.
Wannan za ka amsa shi a inda ba a ba da cin hanci.
Haƙƙin matalauci a dukiyarka, Mai shi ya yanka,
ya faɗi ma'auni, ya faɗi lokaci.
Ban ji inda ya miƙa wa Sagiru mudun ba.

Abin da ya hana ni barci ga shi:
in mutum ɗaya ya haura katanga da dare
unguwa ta san sunansa.
In mutum ɗari suka haura da rana tsaka
me ya sauya?
Katangar ce ta gajarta,
ko yawan hannu sabulu ne?

Sun ce yunwa ba ta san doka ba.
Na fi su sanin yunwa,
ta kwana gidana, ta san inda muke ajiye tabarma.
Amma wanda ya yi sadaka da bargon wani
shi bai kwana cikin sanyi ba,
kuma da safe shi ke neman godiya.
An ga buhu bakwai a zauren mai rabo.
Ban tambaya ba, bakin mata ne ya ƙirga.

Sannan na dubi shagona.
Keken ɗinki biyu gare ni,
ɗaya na gada, ɗaya na adashen shekara uku.
Isiyaku maƙwabcina ko allura ba shi da ita.
Wace rana za a zo daidaita ni?
Me zan ce musu
da bakin da ya ci geronka?

Na ji ka rantse bana ba za ka tara ba,
abin da ka samu ka sayar tun a gona.
To in bazara ta sake matsa mu
ƙofar wa za a fasa?

Tiya biyu mun cinye, ba zan iya amayo su ba.
Ɗaya tana nan bayan randa,
na hana Indo taɓawa, tun jiya ba ta yi mini magana ba.
Gobe bayan asuba zan kawo,
sauran in mai riga ya biya ni.
Kada ka gode mini, kada ka yi mini wa'azi.
Fito da tiyarka kawai, ka auna.