Lissafin Ranar Litinin

A ajina na huɗu, nan Darazo, aka kafa rumfar zaɓe,
Asabar ɗin 'yan majalisar tarayya.
Aka jingine bencina da bango,
aka ƙirga ƙuri'u da fitilar waya har bayan isha.
Wani ya ɗauki allina ya rubuta a allo:
ɗari biyu da sha huɗu,
ɗari da tamanin da bakwai,
lalatattu tara.

Litinin na shigo, ban goge ba.
Na ce, yara, ga aikin yau,
ku ɗebe na ƙasa daga na sama.
Ashirin da bakwai! in ji Hajjo 'yar mai faci,
tun ban ajiye tsumma ba.

Gidado ya ɗaga hannu daga can baya:
Malam, su wa ke nan, taran?
Ɗaya kawai na sani,
Goggo Dudu, da ta dangwala wa kowa yatsa
don kada ɗan wani ya ji ta ƙi shi.

Wanda ya ci ya tafi Abuja,
sau ɗaya muka ga motarsa, gilashi a rufe.
Wanda ya faɗi ya je kotu,
ya dawo, ya sauya hula.

Da damina ta kama, kwanon rufi ya yi yoyo
daidai saitin allon,
ruwa ya share lambobin kafin ni.

Bana Gidado ya karɓi katin zaɓe.
Ya tsayar da ni bakin kasuwa,
yana dariya, yana tambayar sauran takwas.