Ruwa Ba Ya Karatu

Littafin da aka koyar da mu na kwal ne,
baƙin tuli a wata ƙasa mai ƙanƙara.
Nawa tulin ja ne kamar hantar rago,
ɓaraguzan dutsen da aka tatse wa zinariya
aka jibge a kudancin Kumasi.
Na ce wa littafin, nan fa ba garinku ba ne.
Amma gangare ko'ina gangare ne,
ruwa kuma bai taɓa tambayar launin ƙasa ba.

Ƙarfe biyun dare a Aboabo.
An ɗauke wuta, fitilar waya a bakina,
ina ja wa ruwa layi da fensir.
Nan za ka bi, in ce masa.
Zagaye ƙugun tulin, kada ka hau kansa.
Sauko mataki-mataki kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa,
sunkuya ka shige kwalbati,
zauna a kududdufin da na haƙa maka
har lakarka ta kwanta, tsatsarka ta kwanta,
sannan ka je ka gai da rafi.
Can ƙasa akwai mata masu jiƙa rogo.
Ban san sunan ko ɗaya ba,
duk da haka suna cikin lissafina.

Wofa Boakye, shugaban leburori,
ya riƙe takardar sama a ƙasa, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, Injiniya Adiza, zane ya yi kyau,
sai dai ruwa ba ya karatu.
Washegarin wani ruwan Yuni ya ja ni bayan tulin,
ya nuna mini da tsinin takalminsa
inda ruwa ya sa hannu da kansa:
'yar tsaga, ko yatsa ba za ta ci ba,
taku goma sha ɗaya daga inda na umarce shi.
Ban yi musu ba.
Na goge layina, na bi nasa.

Hanya kuwa, ba ni kaɗai nake zana ta ba.
Babana Issaka ya tuƙa tifa shekara ashirin da uku.
Tun ina shan koko a cinyarsa yake cewa
mota mai kaya ba hawa take tsoro ba,
saukowa take tsoro,
birki ya ɗau zafi, ga kwana tana jira.
Wata Laraba ƙasa ta zame ƙarƙashin tayarsa ta hagu.
Ya rayu. Ƙafar ce ba ta dawo daidai ba.
In ya nufi masallaci da asuba
ina jin gangaren nan a takunsa,
ɗaya dogo, ɗaya gajere.

Shi ya sa da manaja ya ce goma cikin ɗari,
hanya ta gajarta, sidi ya ragu,
na rubuta takwas.
Ya buga tebur. Na sake rubuta takwas.
Na buɗa kwanar yadda tifa biyu za su gifta
direbobin su ɗaga wa juna hannu.
Na ɗaga tsakiyar hanyar kamar gadon bayan tarwaɗa
don ruwa ya rabu biyu,
na tsai da tudu a gefe, tsayin rabin taya.
Ba wanda zai gode wa wannan tudun.
In ya yi aikinsa, ba labari.

Ga shi yanzu ya tsinke a kan kwanonmu.
Unguwa ta ja mayafi, barcin ruwa daɗi.
Ni ina zaune ina ƙirga.
Daga ɗakinsa Baba ya ce, Adiza, kwanta mana.
Na ce, kwalbati na uku nake tunani.
Ya yi shiru.
Can ya ce, bakinsa nawa?
Na faɗa masa.
Ya ce, kin sa a kwashe ganyen da ya toshe shi?
Na ce, jiya.
Ya ce, to.

Na ji gadonsa ya yi ƙara.
Shi ma bai kwanta ba.