Lissafin Jatau

Da asuba na ɗauko shi a Samaru,
baƙon da ya zo daga bayan teku,
tabaron hangen nesa rataye a wuyansa
kamar laya.
Ni ne direba, ni ne tafinta.

Ya ce tsuntsu iri dubu tara da ɗoriya ya gani,
daga ƙasar da sanyi ke cin yatsa
har tsibirin da ba kowa sai iska.
A duniya kaf, in ji shi,
waɗanda suka sha gabansa ba su cika tafin hannu ba.

Muka gangara bakin Kubanni, raɓa na jiƙa wando.
Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya.
Ya ce: Ina da shi.
Cilakowa ta gifta,
ragon maza ya yi gunji cikin kyauro.
Ina da ita. Ina da shi.
Kamar mai shago yana duba kanta,
ido bai gama sauka ba, ya ɗauke.

Can muka iske Jatau, tsohon mahauci,
zaune da fatsarsa.
Na faɗa masa lissafin baƙo.
Ya juya goro a kumatu,
ya ce: Dubu tara! Allah ya ƙara.
Ni nawa ba su kai arba'in ba,
kuma kullum raguwa suke.

Tambaye shi, tunda ya zaga duniya,
ko ya gamu da ungulayenmu a hanya.
A da, in mun kā da sa a mayankar Zango
sai rimi ya yi baƙi ƙirin da su.
Da dutse nake kora, ina zagi: ƙazamai!
Akwai wata mai ɗingishi,
ba ta sauka sai an watse.
Ita kan na jefa wa hanji
in maigida ya juya baya.
Yau shekara nawa, rimin nan ba kowa.

Baƙo ya lashi yatsa, ya buɗe littafi,
ya bi layi, ya tsaya, ya yi murmushi:
Ungulu. Ga lamba, ga rana, ga gari.
Ina da ita.

Wannan ban fassara ba.

Jatau ya miƙo hannu a ara masa tabaron.
Ya kafa shi a baibai, na gyara masa.
Ya ɗaga kai wajen Kufena,
ya daɗe.
Kifi ya ja fatsa har sau biyu,
bai ko waiwaya ba.